Shekarar da Agana Ta Sauka a Gidan Alhaji Sambo

Jiya na ji Sani, jikan nan nawa, yana gaya wa abokansa a nan ƙofar gida wai in ya samu jari otel zai buɗe, don ita ce sana'ar da mutum zai zauna a kujera yana miƙa makulli kawai. Na ƙyale su, tunda ba da ni ake ba. Amma yau ga shi ruwa ya hana ku fita da okada, kun taru kusa da ni, to bari in gaya muku yadda muka yi ta a gidan Alhaji Sambo, a nan Inugu, tun Turawa na nan.

A taragon shanu na zo garin nan, ina saurayi, ina lura wa wani falke daga Kano dabbobinsa a hanya. A gidan Alhaji Sambo muka sauka, can bayan tashar jirgi. Ginin ƙasa ne mai rufin kwano, da babban zaure, da ɗakuna a jere hagu da dama, sai sashen iyali a can ƙarshe. Shi Alhaji mutumin Zariya ne, gajere, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya yi yarantarsa a Anacha a hannun wani maigida mai saukar da fatake, ya taɓa zaman Fatakwal, sannan ya zo nan ya kafa nasa. Yana jin Ibo kamar a nan aka haife shi, yana jin Turancin buroka, amma in dattijo ya zo daga Arewa sai ya tsaya ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, tun daga gajiya har iyali har damina, kamar ba shi da wani aiki a duniya. Da falken nan zai koma, Alhaji ya ce masa, "Bar min Garba, in yana so." Na ce ina so. Haka na shiga sana'ar.

Aikin da aka fara ɗora ni a kai shi ne ruwa. Ku yanzu kuna ƙorafin ruwan garin nan, to da ma can haka yake. Famfo ɗaya ne a unguwa, matan masu haƙar kwal sun riga kowa layi. Garwa biyu nake ratayawa a sanda, in yi ta sawu har randunan tsakar gida su cika. Daga nan sai butoci. Kowane baƙo da butarsa, kuma Alhaji ba ya yarda baƙo ya ɗaga buta ya ji ta wayam. Wata rana ya ga wani tsoho ya girgiza buta ya ajiye yana waige-waige. Bai yi min faɗa ba. Ya tashi da kansa, da babbar rigarsa, ya cika ta ya kai masa. Da ya dawo ya zauna sai ya ce, "Garba, mutumin nan kwanansa nawa a jirgi, ƙafarsa a kumbure. In yana gidansa jikansa zai kira. A nan wa zai kira?" Tun daga ranar idona ke bin buta, har yau in na shiga masallaci sai na kama kaina ina ɗaga na mutane.

Akwai kuma yaƙi da kuɗin cizo, wanda ba ya ƙarewa. Gadajen katako ne a ɗakunan manyan baƙi, kuma duk ranar da aka samu rana sai a fito da su, a tafasa ruwa a bi kowace tsaga ana tsiyayawa. Daminar nan ba irin ta gida ba ce. Takalmin fata in ya kwana biyu a lungu sai ya yi gashi, ɗaki in an rufe shi sai ya kama wari. Saboda haka a kullum ƙofofi a buɗe, a share, a yi turare, a goge ƙwan fitila da toka, a datse lagwani don kada ya yi hayaƙi ya sa baƙo tari. Babu abu mai wuya a ciki, sai dai babu ranar da aka ɗauke maka shi, ko da Sallah.

Abin da ya fi ɗaukar ni lokaci kafin in iya shi ne raba ɗaki. Kuna ganin ai duk inda babu kowa sai a tura mutum. Na taɓa haɗa wani mai atamfa da ya taso daga Anacha da mai bandar kifi a ɗaki guda. Da safe mai atamfa ya fito da turmi ɗaya a hannu yana shinshinawa, ya miƙa wa Alhaji ya ce, "Alhaji, wannan miya za a yi da shi ko ɗaurawa?" Sai da muka shanya kayansa duka muka bi da turaren wuta. Alhaji ya koya min in dubi kayan mutum kafin fuskarsa. Mai shanu da mai shanu. Mai minshari a kai shi ƙarshen layi. Mai yawan wuridi kada a haɗa shi da mai son hira. Mutum biyu 'yan gari ɗaya, kada ka yi saurin cewa za su so juna, ka tsaya ka ga yadda suka gaisa tukuna. Kuma ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa ya ci abinci.

Mai bandar nan da na faɗa muku shi ne Malam Ladan, mutumin Haɗejiya, kuma ku riƙe sunansa. Dogo ne, mai ƙatuwar murya, duk shekara sai ya zo sau da yawa da kwandunan kifi da barkono. In ya sauka, tun daga zaure yake kiran Inna Rabi, matar Alhaji, wadda girkin gidan ke hannunta. Sai ya ce, "Inna, na dawo. Yau ma jan man nan za ki kashe ni da shi?" Ita kuma daga ciki ta amsa, "Sannu da zuwa, Malam Ladan. Kai da ka cika mana gida da ƙarni, har kana da bakin magana?" Wasa ne, don ta san cikinsa ba ya son manja. Inna Rabi tana da tukunya ta musamman saboda sababbin zuwa. Tana ɓoye kuka da daddawa da man shanu da fatake ke kawo mata tsaraba, kuma duk wanda ya sauka, abincinsa na farko tuwo ne da miyar kuka, ko da na masara ne. Sai ya kwana biyu take fara gwada shi da doya da garin rogo. Tana cewa mutum in ya ci abin da ya sani a daren farko, barcinsa daban ne.

Ba kwana da ci ne kaɗai aikin ba. A lokacin ba a cewa ga kuɗin ɗaki. Maigida shi ne zai kai baƙo kasuwa, ya samo masa mai saye, ya yi tafinta, ya tsaya a tsakani, a la'ada yake samun nasa. Na bi Alhaji Kasuwar Artisan ina riƙe masa lema shekara da shekaru kafin ya yarda in kai baƙo ni kaɗai. A can na koyi Ibo, a bakin mahauta da mata masu sayen kifi. Abin da yake sayarwa a gaskiya sunansa ne. Falke a Nguru ko Gusau zai ɗora dukiyarsa a jirgi ya nufi garin da bai san kowa ba, saboda kawai an ce masa, in ka sauka ka tambayi gidan Sambo.

In na ce shekarar wahala, za ku zaci shekarar da aka watse muka bar garin gaba ɗaya, lokacin yaƙin basasa, nake nufi. Waccan ta kowa ce. Tamu ta gidan ta riga ta zuwa, ana gab da samun mulkin kai.

Da rani ne, lokacin da gida ke cika har a kwana a zaure. Malam Ladan ya sauka a jirgin safe, amma bai kira Inna daga zaure ba. Ya ce kansa ke ciwo da bayansa, gajiya ce. Na kai shi ɗakinsa na ƙarshen layi. Washegari zazzaɓi ya rufe shi, aka jiƙa masa magani. Bayan 'yan kwanaki na kai masa kunu da hantsi, hasken ƙofa ya faɗa a fuskarsa, sai na ga ƙuraje a goshinsa da bayan hannuwansa. Ku dubi fuskata. Zanzanar nan tun ina yaro na same ta, agana ce ta yi min, kuma wanda ta taɓa kamawa ba ya mance kamanninta. Na ajiye kunun, na ja ƙofa, na je na raɗa wa Alhaji.

Ya zo ya duba da kansa, ya daɗe a tsaye. Sannan ya aika aka kira masa dattawan unguwa biyu, su ma masu saukar da baƙi ne. Suka zauna a ɗakinsa, ni ina bakin ƙofa. Ɗaya ya ce, "Alhaji, a lulluɓe shi a sa shi a jirgin yamma. Ya je ya yi jinya a gaban danginsa, kai ma ka huta." Ɗayan ya ce a'a, a bar shi a ɗakin a rufe baki, in duba-gari suka ji, sun rufe gidan ke nan a tsakiyar kasuwa.

Alhaji ya ce, "In na sa shi a jirgi, ba zai kai Kafanchan ba, kuma duk wanda ke taragon na cuce shi. In na ɓoye shi, waɗanda ke kwance a sauran ɗakunan fa? Su ma gidana aka ce su zo."

Suka ce, "To me za ka yi?"

Ya ce, "Zan je in faɗa."

Kafin ya tafi sai da ya tara baƙin gidan a tsakar gida, ya gaya musu da bakinsa. Wasu suka yi salati, wasu suka fara haɗa kaya. Wani mai shanu ya ce, "Alhaji, ai da ka yi shiru da mun sayar mun tafi." Alhaji ya ce masa, "Da kun tafi da ita gida wurin 'ya'yanku." Ya sa hularsa, ya ɗauki lema, ya taka da ƙafa har ofis.

Duba-garin da ya zo sunansa Mista Okoli, Ibo ne amma a Arewa ya tashi, ubansa ma'aikacin jirgi ne, Hausa a bakinsa kamar ni da ku. Ya ce shekarunsa a aikin nan, shi ne kullum ke zagayawa yana neman marasa lafiya a bayan buhuna, yau ne maigida ya zo da ƙafarsa. Amma doka doka ce. Aka yi wa kowa lambar rigakafi, har Inna da yara. Aka hana shiga da fita na wani lokaci. Aka ce Malam Ladan za a kai shi can bayan gari, inda ake keɓe masu ciwon, wasu rumfuna ne a gindin dutse.

Da za a ɗauke shi, ya riƙe hannun rigar Alhaji ya ce, "Alhaji, a can ba mai jin maganata." Alhaji ya juyo ya dube ni, ya ce, "Garba, ita ba ta kama mutum sau biyu. Amma ban tilasta maka ba." Na ce zan je. Mista Okoli ya ce zai rubuta ni a matsayin mai jinya.

Na zauna da shi a rumfar nan. Aikin dai shi ne wanda na saba: ruwa, shara, juya shi, kora masa ƙuda da mafici, jiƙa tsumma in ɗiga masa a baki lokacin da haɗiya ta gagara. Inna Rabi kullum sai ta dama kunu ta yi miyar kuka, Mista Okoli ya ɗauko langar a bayan kekensa ya ajiye a kan wani dutse ya yi min kira daga nesa. Ba aikinsa ba ne, kuma hanyar hawa ce. Da aka buɗe wa mutanen gida ƙofa, Alhaji da kansa ya riƙa zuwa, ya tsaya a bakin wayar da aka kewaye wurin da ita ya ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba, ya ce, "Malam Ladan, ya jiki? Inna ta ce a gaya maka ba ta sa manja ba." Ranar da yake da ƙarfi sai ya yi dariya ya ce in gaya masa ƙarya take yi, ya ji ɗanɗanonsa.

Bai tashi ba. Wata ranar Laraba da la'asar ya cika, ina riƙe da kansa. Ma'aikatan wurin suna da yadda suke binne nasu cikin gaggawa, amma Alhaji ya tsaya a kan sai an yi masa sutura irin tamu. Mista Okoli ya shiga ya fita har aka yarda, bisa sharaɗin ni kaɗai zan taɓa shi. Liman ya tsaya daga nesa yana gaya min yadda zan yi, na yi masa wanka na sa masa likkafanin da Alhaji ya kawo. Suka yi sahu a bayan waya suka sallace shi. Alhaji ya samu wani falke mai komawa, ya ba shi saƙon ta'aziyya zuwa Haɗejiya, tare da abin da aka sayar na kifinsa.

Da na dawo gida, ban gane shi ba. An ƙone tabarmi da matasai da gidajen sauro na ɗakunan baƙi gaba ɗaya, an shafe bango da farar ƙasa. Ba wanda ya sake kamuwa, ko mutum ɗaya. Amma suna ya riga ya fita. A tasha, yaran wasu gidaje na tarar baƙi suna cewa, "Kada ku je can, gidan agana ne." Wasu da suka shekara goma suna sauka wurinmu sai mu haɗu a kasuwa su gaishe mu a kunyace su wuce. Ranin ya ƙare, damina ta shiga, ɗakuna a buɗe ba kowa. Alhaji ya sayar da kekensa, daga baya ya sayar da rigunansa biyu na Sallah. Inna ta koma yin ƙosai da waina a bakin titi, masu haƙar kwal na saye in sun taso aiki, da wannan aka riƙe gidan. Ni kuma kullum sai Alhaji ya sa na share ɗakunan na buɗe tagogi. Na taɓa ce masa, "Baba, wa zai shiga?" Ya ce, "Ɗaki in ka bar shi, shi ma sai ya bar ka. Je ka share." Bai taɓa cewa da na sani ba, a gabana dai, kuma dattawan nan biyu da suka ba shi shawara bai daina zuwa gaishe su ba.

Bayan ruwa ya ɗauke, wata safiya ina tsaye a tasha kamar yadda na saba, ko Allah zai sa a dace. Jirgi ya tsaya, wani dogon mutum ya sauko, da mutum huɗu a bayansa da kwanduna. Yara suka yanyame shi kowa na kiran gidan ubangidansa. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ina ne gidan da kuke ce wa gidan agana?" Muryar kaɗai ta ishe ni, irin ta Malam Ladan ce sak. Na matsa na ce, "Ni yaron gidan ne." Ya ce sunansa Haruna, shi ƙanen Ladan ne.

Na kai su. Alhaji ya tarbe su a zaure, aka gaisa, aka yi addu'a, aka kawo ruwa. Malam Haruna ya sa aka ba shi labarin tun daga farko, yana sauraro kansa a sunkuye. Da aka gama ya ce, "Wane ne ya yi masa wanka?" Alhaji ya nuna ni. Ya ce in matso. Ya kama hannuwana biyu ya juya su ya duba, ya ce, "Tsohuwarmu ba ta iya tafiya. Ta ce in zo in ga hannun, in koma in gaya mata." Ya daɗe bai sake ni ba. Daga ciki muka ji Inna tana share hanci.

Na raka shi kabarin da rana, muka dawo. Alhaji ya ce masa, "Malam Haruna, ka san abin da ake faɗa a kan gidan nan. In kun fi son wani wuri, ni da kaina zan kai ku, ba komai." Ya ce, "Alhaji, a garinmu ma ana faɗa. Cewa ake yi, akwai gidan da in ka faɗi ba za a jefa ka a jirgi ba. A ɗakin yayana zan kwana."

Kada ku zaci gidan ya cika a ranar. Sai da aka ɗauki kusan shekara biyu kafin a sake kwana a zaure, kuma wasu tsofaffin baƙin ba su taɓa dawowa ba. Amma mutanen Haɗejiya da Nguru, daga lokacin har Alhaji ya rasu na karɓi gidan, ba su san wata ƙofa ba sai tamu.

A ranar dai, da suka tashi za su shiga ɗaki, Alhaji ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya ya ce, "Garba, tabarma nawa muke da ita?" Tun da aka ƙone na baƙi ba mu iya sayen wasu ba. Na ce, "Ko an haɗa da tawa da ta yara, saura ɗaya kafin su ishi baƙin." Ya ce, "Shiga ɗakina ka naɗo tawa, kada ka bari su gani." Na naɗo ta na bi ta bayan randuna na shimfiɗa wa Malam Haruna. Alhaji a kan buzunsa na salla ya kwana har suka sayar da kifinsu suka tafi.